Faifan Gawayi

Sahura ta zo daga Ƙofar Marusa
da jaririya 'yar mako bakwai a kafaɗa.
Ta ce, "Ba ta shiƙa irin ta manyan yara.
Tari take, tari, tari,
sai ta ɗauke kamar an hure fitila,
leɓɓanta su koma launin shuni,
sannan ta dawo."

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce.
Ban iya rarrashi ba, jira na iya.

Na ce ta riƙe mini kan da kyau.
Tsinken nan siriri mai lanƙwasa,
bakinsa ba auduga ba ce,
auduga kashe ƙwayar take tun ba ta yi magana ba.
Na zura ta hanci, can ƙurya,
inda hanci ke gaisawa da maƙogwaro,
na ƙirga goma a zuci.
Yarinya ta tsala kuka, uwa ta harare ni.
Na karɓi hararar, haƙƙinta ce.

Na shafa a kan faifai baƙi ƙirin,
gawayi da jinin doki aka haɗa aka daskarar,
abincin da 'yar tsirfar ƙwayar nan ke yarda ta ci.
Na rubuta: Zakiyya Nafi'u, Talata, sha ɗaya saura.
Na kai akwatin ɗumi na rufe.

Jininta kuwa bai ɓoye ba:
fararen ƙwayoyi sun cika madubin dubawa
kamar 'Yar Kutungu da yamma.
Likita Barira ba ta jira ni ba, ta fara magani.
Ta yi daidai.
Shuka ba ta sauri, numfashi ba ya jira.

Akwai na'ura, na sani,
mai ɗaukar guntun rubutun da ke cikin ƙwaya
ta kwafe shi sau miliyoyi
har mai hakiya ya iya karantawa.
Wuni guda ta ba da amsa.
Kuɗinta ya fi abin da teburin shayin Nafi'u
ke kawowa a mako biyu.
Don haka muka tsaya ga gawayi.

Laraba, babu.
Alhamis aka ɗauke wuta da tsakar rana,
na ruga bayan ɗakin magani ba mayafi
ina kiran Ɗanjuma mai janareto,
shi kuwa yana cin ɗanwake a natse.
Juma'a, babu. Na fara zargin hannuna.

Asabar da safe na karkata faifan ga taga.
Ga su.
Ƙanana, masu sheƙi, a warwatse,
kamar an fasa ma'aunin zafi zaiba ta tarwatse.
Abin kunya, kyau suka yi mini.
Na tabbatar, na sake tabbatarwa,
sannan na sa biro: tarin shiƙa.

A baranda na tarar da uban
riƙe da fulas da kofi biyu.
Zai gaishe ni tari ya sarƙe shi,
ya dafa bango, idanu suka kawo ruwa.
"Tun yaushe?"
"Mako biyar, ko shida. Hayaƙin itace ne."

Nasa hancin ya riga ya share gida,
tsinke ba zai samu kowa ba.
Amma jini ba ya mantuwa,
yana ajiye sawun baƙon da ya kwana.
Na faɗa masa haka, ina neman sirinji.

Ya daɗe yana kallon fulas ɗin.
"Malama, ni na ba ta?"

Na ce, "Naɗe hannun rigarka."

Daga ɗakin yara tari ya taso, ƙarami, a jere,
sai shiru.
Allura a hannuna, jijiyarsa a ƙarƙashin yatsana,
mu biyu muna ƙirga ba mu ce muna yi ba.
Huɗu. Biyar. Shida.

Sai kuka.